Ɓoyewa da Bayyanawa: Nazarin Wasu Dabarun Labaran Tsoro da na Bin Diddigi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya saba da nazarin ƙagaggun labarai ya san cewa akan duba jigo, da zubi da tsari, da salo, da kuma taurari. To amma akwai wasu rukunan labarai waɗanda idan mai nazari ya tsaya a kan jigo kawai, ba zai fito da wani abin kirki ba, domin jigon nasu bai taka kara ya karya ba: ko dai wani abu ya addabi wani gida, ko kuma an kashe wani ana neman wanda ya yi kisan. Abin da yake bambanta gwani da ɗan koyo a irin waɗannan labarai shi ne yadda marubuci yake rabon sani. Me ya bari mai karatu ya sani? Yaushe ya bari ya sani? Daga bakin wa ya ji? Wannan takarda za ta bi waɗannan tambayoyi ta hanyar wasu fitattun labarai na Ingilishi da Faransanci, sannan ta taɓo matsalolin da mai fassara su zuwa Hausa zai ci karo da su.

Rukunan da ake magana a kansu uku ne, kuma 'yan gida ɗaya ne. Na farko shi ne wanda Turawa suke kira gotik. Asalin kalmar sunan wani salon gini ne na tsofaffin majami'u da gidajen sarauta na Turai, masu dogayen hasumiyoyi da lunguna masu duhu. Marubucin Ingila Horace Walpole ne ya fara liƙa ta ga labari, a bugu na biyu (1765) na littafinsa The Castle of Otranto, wanda ya fara fitowa a 1764. Daga wannan tushe ne labaran tsoro suka tsiro, daga baya kuma labaran bin diddigi, wato waɗanda ake bin sawun mai laifi har a gano shi. Mutum ɗaya, Edgar Allan Poe na Amurka (1809-1849), ya yi fice a dukkan ukun, shi ya sa sunansa zai yi ta maimaituwa a nan.

2.0 Fargaba da Razana

Hausa tana da kalmomi da yawa a wannan fage: tsoro, fargaba, ɗar-ɗar, zullumi, firgita, razana, kaɗuwa. Ba ɗaya suke ba. Fargaba da zullumi kafin aukuwar abu suke zuwa, mutum yana jiran abin da bai san kamanninsa ba. Razana da firgita kuwa sai an yi ido huɗu da abin. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin nazarin labaran tsoro, kuma marubuciya Ann Radcliffe ta yi bayaninsa a wata maƙala da aka buga a 1826, shekara uku bayan rasuwarta. A ganinta, fargaba tana farkar da hankali, tana sa tunanin mai karatu ya yi aiki, ita kuwa razana daskarar da shi take yi.

Ta nuna hakan a aikace a littafinta The Mysteries of Udolpho (1794), mai juzu'i huɗu. Tauraruwar labarin, Emily, ta shiga wani ɗaki a tsohon gidan da aka tsare ta, ta tarar da wani abu an lulluɓe shi da baƙin mayafi. Ta ɗaga mayafin, ta faɗi sumammiya. Marubuciyar ba ta gaya mana abin da ta gani ba. Sai an ci ɗaruruwan shafuka, dab da ƙarshen littafin, sannan aka bayyana cewa mutum-mutumi ne na kakin zuma da aka yi shi da siffar ruɓaɓɓiyar gawa. Masu karatu da yawa sun ji haushin wannan bayani, kuma suna da gaskiya, domin abin da kowannensu ya riga ya ƙaga a zuciyarsa ya fi kakin zuma muni nesa ba kusa ba. Amma wannan haushi shi kansa shaida ne cewa dabarar ta yi aiki. Matthew Lewis kuwa, a littafinsa The Monk (1796), ɗaya hanyar ya bi, yana baje wa mai karatu gawa da jini ƙuru-ƙuru.

Misalin da ya fi dacewa ɗalibi ya fara da shi, saboda gajartarsa, shi ne "The Monkey's Paw" na W. W. Jacobs (1902). Wani tsoho da matarsa da ɗansu sun sami busasshen hannun biri wanda aka ce yana biyan buƙata uku. Tsohon ya roƙi fam 200. Washegari inji ya niƙe ɗan a wurin aiki, kamfanin ya ba su diyyar fam 200. Bayan kwanaki, uwar ta matsa wa mijin ya roƙi ɗansu ya dawo. Ya roƙa. Dare ya yi nisa, sai aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Uwar ta ruga tana kokawa da sakata, uban kuwa, wanda shi ne ya ga yadda injin ya yi da gawar, yana lalube a ƙasa yana neman hannun birin. Ya yi roƙo na uku, ƙwanƙwasawa ta tsaya, aka buɗe ƙofa ba kowa. Abin lura a nan shi ne ba a taɓa nuna mana abin da yake bayan ƙofar ba, ba a ma faɗi kalmomin roƙo na uku ba. Abubuwa biyu kawai aka ba mu: uban ya ga gawar, kuma maƙabarta tana da nisan mil biyu, wanda ya bayyana dalilin jinkirin da aka samu tsakanin roƙo da ƙwanƙwasawa. Sauran aikin mai karatu ne ya yi shi da kansa.

3.0 Wuri

Ba za a daɗe a nan ba, domin wannan ita ce dabarar da ɗalibai suka fi saurin ganewa: tsohon gida, dare, hadari, kango. Sai dai a kula, a hannun gwani wuri ba ado ba ne. A labarin Poe "The Fall of the House of Usher" (1839), mai ba da labari tun isowarsa ya hangi wata siririyar tsaga a jikin bangon gidan, daga rufi har ƙasa. Ya ambace ta sau ɗaya ya wuce. A ƙarshe, da tagwayen da suka rage a zuriyar suka mutu, ta wannan tsaga ginin ya rabe ya nutse cikin tafki. Kalmar da ke cikin sunan labarin tana nufin gini, tana kuma nufin zuriya, kuma a nan mai fassara ya yi sa'a, domin kalmar gida a Hausa ita ma tana ɗauke da ma'anonin biyu, kamar yadda muke cewa "ɗan babban gida" ko "gidansu ya mutu".

4.0 Daga Bakin Wa Muka Ji?

Nan ne gizo yake saƙa. Labarin da ya ƙunshi abin da hankali ba zai ɗauka ba yana buƙatar shaida, shi ya sa marubutan gotik suka riƙa fakewa da takardu. Walpole bai sa sunansa a bugun farko ba. Cewa ya yi fassara ce ta wani tsohon littafin Italiyanci da aka buga a birnin Naples a 1529. Mary Shelley a Frankenstein (1818) labari cikin labari ta yi: wani matuƙin jirgin ruwa yana rubuta wa 'yar'uwarsa wasiƙu, cikin wasiƙun Victor Frankenstein yana ba da labarinsa, cikin labarin Victor kuma halittar da ya haɗa tana ba da nata. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga ɗalibin Hausa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne yake ba Koje Sarkin Labari labarinsa, a Magana Jari Ce kuma aku ne yake zuba labarai. Bambancin shi ne manufa. A Frankenstein, sai mun gama jin Victor yana kiran halittar shaiɗan, sannan ta buɗe baki mu ji ta tana magana da hankali da ban tausayi, daga nan kuma ba mu san wanda za mu goyi baya ba.

Bram Stoker ya kai wannan dabara matuƙa a Dracula (1897). Babu mai ba da labari guda ɗaya a littafin. Akwai littattafan ajiye bayanan yau da kullum na mutane daban-daban, da wasiƙu, da wayar tangaraho, da yankakkun labaran jarida, har da wani likita da yake ɗaukar muryarsa a na'ura. Amfanin wannan shi ne kowane mai rubutu guntun abin kawai ya sani, mai karatu ne kaɗai ya ga duka. Alal misali, akwai littafin kyaftin ɗin jirgin ruwan Demeter, wanda ya taso daga Varna zuwa Whitby ɗauke da akwatunan ƙasa. Kyaftin yana rubuta cewa ma'aikatansa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, bai san dalili ba. Mu kuwa mun sani, domin mun riga mun karanta abin da Jonathan Harker ya gani a gidan Dracula. Ke nan a nan fargaba ta fito ne daga yawan sani, akasin misalin Radcliffe inda ta fito daga ƙarancinsa. Haka kuma a lura cewa Dracula kansa ba a ba shi shafi ko ɗaya ya rubuta nasa ba.

Akwai kuma mai ba da labarin da ba a yarda da shi ba. A "The Tell-Tale Heart" na Poe (1843), mai magana ya buɗe da rantse-rantse cewa shi ba mahaukaci ba ne, hujjarsa kuwa ita ce irin natsuwar da ya yi wajen kashe wani tsoho, wai saboda idon tsohon yana damunsa. Duk hujjar da ya kawo ta lafiyarsa, ita ce take tabbatar mana da akasin haka. Ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci za su tuna da "Le Horla" na Guy de Maupassant (1887), inda wani mutum mazaunin gaɓar kogin Seine kusa da Rouen yake rubuta yadda wani abu marar ganuwa yake shanye masa ruwa da madara da dare. Ya gwada abin ta hanyoyi irin na mai hankali, har da naɗe kwalabe da ƙyalle. Amma shaida ɗaya tilo da muke da shi shi ne mutumin, kuma muna ganin yadda rubutunsa yake rikicewa daga watan Mayu zuwa Satumba, har ya cinna wa gidansa wuta ya manta barorinsa suna ciki.

Masanin adabi Tzvetan Todorov, a littafin da ya buga da Faransanci a 1970, ya ce ran irin wannan labari yana cikin kokwanton mai karatu: shin abin da ya faru yana da bayani na zahiri, kamar hauka ko mafarki ko makirci, ko kuwa na ɓoye ne da gaske? Da zarar an yanke hukunci, labarin ya koma wani rukuni. Misalin da aka fi kawowa shi ne The Turn of the Screw na Henry James (1898), inda wata mai renon yara biyu take ganin fatalwowin ma'aikatan gidan da suka mutu, kuma babu inda aka tabbatar cewa wani ya gan su ban da ita. Tun 1934, lokacin da Edmund Wilson ya ce matar ce take da taɓin hankali, masana suke jayayya a kai.

A nan ya kamata ɗalibi ya yi hattara da ɗora ma'aunin Todorov a kan adabin Hausa kai tsaye. A tatsuniya, idan Dodo ya fito, ba mai tambayar ko da gaske ne, domin tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" an san an shiga wata duniya. Haka kuma kokwanton da Todorov yake magana a kai ya ginu ne a kan mai karatun Turai wanda ya ɗauka cewa fatalwa babu ita. Mai karatun da ya yi imani da samuwar aljanu, idan ya karanta "Le Horla", wataƙila ba zai yi kokwanto ba sam, cewa zai yi mutumin nan gamo ya yi. Labarin bai canja ba, amma aikin da yake yi a zuciya ya canja.

5.0 Labarin Bin Diddigi

Todorov ya kuma lura cewa labarin bin diddigi labarai biyu ne a haɗe: labarin laifin, wanda ya riga ya auku amma an ɓoye shi, da labarin binciken, wanda muke karantawa. Na biyun ba shi da aiki sai tono na farkon. Akan ɗauki "The Murders in the Rue Morgue" na Poe (1841) a matsayin mafarin wannan rukuni, kuma akwai abin da ya shafi ɗaliban harshe a cikinsa. An kashe wata mata da 'yarta a wani ɗaki da aka kulle ta ciki a birnin Paris. Shaidun da suka hau bene sun ji muryoyi biyu. Duk sun yarda ɗaya ta Bafaranshe ce. A kan ɗayar kuwa, wani Bafaranshe ya ce Sifaniyanci ne, mutumin Holan ya ce Faransanci ne, Baturen Ingila ya ce Jamusanci ne, mutumin Sifen ya ce Ingilishi ne, ɗan Italiya ya ce Rashanci ne. Mai binciken, Dupin, ya lura cewa kowane shaida ya ambaci harshen da shi kansa ba ya ji, kuma ba wanda ya tsinci kalma ko ɗaya. Ke nan ba harshe ba ne. Wani goggon biri ne da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo daga tsibirin Borneo. An shimfiɗa wa mai karatu duk shaidar a gabansa, amma tsawon jerin ya ɗauke masa hankali daga abin da ya haɗa su.

Wannan ita ce ƙa'idar wasan: a nuna alama, amma a sa ido ya kalli wani wuri. Akan yi haka ta hanyar ɓad da sawu. A The Hound of the Baskervilles na Arthur Conan Doyle (1902), akwai baran gida da yake kunna kyandir a taga da tsakar dare, da wani fursuna da ya tsere yana ɓuya a daji. Duk suna da nasu sirrin, amma ba su da hannu a kisan. Alamar gaskiya kuwa an jefa ta kamar abin dariya: an sace wa Sir Henry sabon takalmi ƙafa ɗaya a masauki, aka dawo da shi, aka sace tsoho. Sabon takalmi ba shi da warin mai shi. Wanda yake buƙatar wari kuwa, kare na gaske yake da shi, ba na almara ba. Wannan littafi ya tsaya ne a kan iyakar rukunan biyu, domin da kayan gotik aka gina shi, wato la'anar zuriya da tsohon gida da fadama mai haɗiye mutum, sannan Sherlock Holmes ya zo ya warware su ɗaya bayan ɗaya. Doyle ya san cewa idan Holmes yana nan tsoro ba zai zauna ba, shi ya sa ya janye shi daga tsakiyar littafin, ya bar mu da Watson.

Watson kansa dabara ce. Idan mai binciken ne yake ba da labari, dole ya gaya mana abin da yake zuciyarsa ko kuma ya yi mana ƙarya. Aboki mai matsakaicin hankali kuwa yana ganin komai, yana faɗin komai, bai fahimci komai ba. Masu karatu sun saba da amince wa irin wannan aboki, kuma wannan amana ce Agatha Christie ta yi amfani da ita a The Murder of Roger Ackroyd (1926). Likitan da yake ba da labari, yana kuma taimaka wa mai binciken Poirot, shi ne ya yi kisan. Bai yi ƙarya a rubutunsa ba. Ya faɗi lokacin da aka kawo wa mamacin wasiƙa, ya faɗi lokacin da shi ya fita daga ɗakin, minti goma tsakani, bai dai ce komai game da minti goman ba. Wasu sun ce zamba ce. A ganina ba zamba ba ce, domin duk wanda ya koma shafin zai tarar giɓin yana nan a fili, shi ne ya tsallake shi.

6.0 Matsalar Fassara zuwa Hausa

Yawancin waɗannan dabaru na zubi da tsari ne, saboda haka suna tsallaka harshe ba tare da rauni ba. Matsala tana tasowa ne a matakin jimla. Ingilishi yana da wakilin suna na abin da ba namiji ba ba mace ba, kuma marubutan tsoro suna fakewa da shi. A labarin Jacobs, uwar tana maganar ɗanta, uban kuwa da wannan wakilin suna yake nufin abin da yake bakin ƙofa. Hausa ba ta da shi. Idan aka ce "kada ki bar shi ya shigo", an shafe bambancin, domin shi zai iya zama ɗan. Mai fassara sai ya nemi suna, ya ce "kada ki bar abin nan ya shigo".

A wani gefen kuma Hausa tana da makamin da ya fi na Ingilishi kaifi, wato an da aka da ana, waɗanda suke kawo aiki ba tare da aikau ba. A kwatanta waɗannan jimloli: "Wani ya taɓa ƙofa." "An taɓa ƙofa." Ta farko ta riga ta gaya mana mutum ne, kuma namiji. Ta biyu ba ta gaya mana komai ba. Haka nan ginin "yana cikin ... sai ..." yana shimfiɗa aiki mai ci sannan ya katse shi: "Tana cikin alwala sai fitila ta mutu." Ga kuma amsa-kama, irin su tsit da ɗif da wuf da kwatsam. Sai dai a nan ne ɗalibai suka fi yin ɓarna. Kwatsam sanarwa ce, tana gaya wa mai karatu ya shirya, wanda kuwa ya shirya ba ya razana. A gwada cire ta daga jimla a ga ko jimlar ta rasa wani abu. Sau da yawa sai kawai ta isa.

Matsala mafi wuya ita ce ta labarin bin diddigi. A Hausa, lamirin da yake gaban aikatau dole ya nuna jinsi a mutum na biyu da na uku tilo: ya shiga ko ta shiga. Hatta tambaya tana iya tona asiri, domin "wanda ya kashe shi" da "wadda ta kashe shi" ba ɗaya ba ne. Idan marubucin asali ya ɓoye jinsin mai laifi har babi na ƙarshe, kuma mai laifin mace ce, mai fassara yana tsaka mai wuya: in ya sa ta ya fallasa, in ya sa ya wani zai ce ya yaudari mai karatu. Abin da yake ceto shi ne cewa a Hausa siffar namiji ita ake amfani da ita ga wanda ba a sani ba, kamar a "wa ya zo?", wadda ba ta hana amsa ta zama Binta. Saboda haka ya ba ƙarya ba ce matuƙar mai maganar bai san mai laifin ba. Idan kuwa ya sani yana ɓoyewa ne, kamar yadda Poirot yakan yi kafin ya tara mutane a falo, to sai a koma ga aka, ko a sake ginin jimlar yadda aikau ba zai fito ba.